Dogon kwantiragi ga gola a hokin ƙanƙara: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda na ce wa abokai ina bin gasar NHL, wato babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, sai an tambaye ni me ya kai ni wasan da ake farawa wajen ƙarfe 1 na dare agogon Najeriya. To golan ne ya ja ni. Kuma abin da ya fi damuna a harkar shi ne yadda kulob zai ɗaure kansa da gola shekara 8 ko fiye, bayan 'yar shekara biyu kowa ya dawo yana da-na-sani, har shi golan. Ga tambayoyin da aka fi yi min.

Wai me ya sa ake ta surutu a kan kwantiragin gola, ba kuɗin mai kulob ba ne?

Da a ce aljihun mai kulob ne kawai ai da ba wanda zai damu, attajirai ne. Matsalar ita ce iyakar albashi. Tun 2005, bayan rikicin masu kulob da 'yan wasa da ya sa aka soke kakar 2004-05 gaba ɗayanta, NHL ta sa ƙa'ida cewa ga iya kuɗin da kowane kulob zai kashe wa 'yan wasansa a shekara, ba ka wuce shi ko da rijiyar mai gare ka. An fara da dala miliyan 39, a kakar 2025-26 ya kai miliyan 95.5. A cikin wannan kuɗin za ka biya 'yan wasa har 23. Kenan duk dalar da ka ba gola ka cire ta ne daga bakin ɗan baya ko ɗan gaba.

Sannan kwantiragin NHL tabbatacce ne, in an sa hannu an sa. Ko golan ya daina kamawa, ko gwiwa ta tafi, ba ka da ikon ka kira shi ofis ka ce a rage albashi, doka ma ta hana a sake ciniki a kan kwantiragin da ke tafiya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba, wannan karin maganar kamar don manajojin NHL aka yi ta.

Ai 'yan gaba ma ana ba su shekara 8, me ya bambanta gola?

Abu na farko gurbi. Ɗan gaba in ya fara tsufa sai koci ya sauke shi zuwa layi na biyu ko na uku, ya rage masa mintuna, yana ɗan taɓukawa ana tafiya. Gola ba shi da wannan. Raga ɗaya ce, ko yana ciki ko yana benci da hula a kai yana kallo, kuma ba abin da ya fi ciwo kamar dala miliyan 10 tana zaune a benci.

Na biyu kuma, wanda ni a ganina ya fi girma, gola ba a iya hasashensa. Ana auna shi da kason bugun da ya tare. Wanda ya tare kashi 92 cikin ɗari gwani ne, wanda ya tare kashi 90 a shekarun baya ana masa kallon matsala, tazarar kamar ba komai amma ku lissafa, in an buga masa sau 1,800 a kaka, na farko an ci shi 144, na biyu 180, bambancin ci 36 kenan, wannan kaɗai ya isa ya raba kulob mai neman kofi da wanda zai koma gida a watan Afrilu. Kuma mutum ɗaya fa yana iya yin 92 bana ya yi 90 baɗi ba tare da ya ji ciwo ko ya canza komai ba, ƙila 'yan bayansa ne suka sauya, ƙila koci ne ya kawo wani tsari, ƙila zuciya ce kawai ta karaya. Ɗan gaba mai ci 40 da wuya ka wayi gari ya koma mai ci 12 haka kawai. Gola kuwa yana yi.

Ana yawan cewa jikinsu ne ke saurin lalacewa, da gaske ne?

Da gaske ne, kuma sai ka kalli gola shi kaɗai ka ƙyale sauran wasan sannan za ka gane. Ragar faɗinta ƙafa 6 tsayinta ƙafa 4, faifan robar da ake bugawa bai wuce giram 170 ba amma yana iya zuwa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Salon da kusan kowa ke yi yanzu, wanda Patrick Roy ya yi fice da shi a Montreal, shi ne gola ya zube a kan gwiwoyinsa biyu ya haɗe su, ya baje ƙafafu gefe da gefe yadda katifun ƙafarsa za su kwanta su toshe ƙasan raga. Gwada shi a tsakar ɗaki ko sau ɗaya, ka haɗe gwiwa ka tura dugadugai waje, za ka ji yadda kwatangwalo ke murɗewa ciki. To shi haka zai faɗi ya tashi, ya faɗi ya tura da ƙafa ɗaya ya sulale zuwa ɗaya turken, ya sake tashi, da kaya masu nauyi a jiki, a wasa da a atisaye, tun yana yaro ƙarami.

Shi ya sa tiyatar kwatangwalo da ta gwiwa da ciwon matsematsi suka zama ruwan dare a wajensu. Abin tausayin shi ne lokacin da gola ke samun damar yin babban ciniki, wato ya kai shekara 27 ko ya yi kaka 7 a gasar ya zama mai 'yancin zuwa inda ya so, lokacin ne jikin ya riga ya sha shekara kusan 20 yana wannan zubewar. Kulob na biyan abin da ya gani jiya ne, amma jikin gobe zai karɓa.

Wane kwantiragi ne ake kafa misali da shi in ana maganar nan?

Rick DiPietro, ba tantama. New York Islanders ce ta ɗauke shi a matsayin na 1 a zaɓen matasan 'yan wasa na 2000, inda kulob-kulob ke ɗaukar sababbin matasa bi da bi, a Satumbar 2006 kuma ta ba shi shekara 15 a kan dala miliyan 67.5, wato miliyan 4.5 duk shekara har 2021. Mai kulob ɗin a lokacin Charles Wang ne, manajan da ya sa hannu kuma Garth Snow, wanda watanni kaɗan kafin nan shi ne mataimakin DiPietro a raga. Tunaninsu ba na hauka ba ne ɗari bisa ɗari fa, yaro ne ɗan shekara 24, suna ganin iyakar albashi za ta yi ta hawa, nan da shekaru miliyan 4.5 za ta zama araha.

Kaka biyu ya yi da ɗan dama, daga nan jiki ya ce bai san zance ba. Kwatangwalo, gwiwa, buguwar kai, wannan na warkewa wancan na tasowa. Daga kakar 2008-09 zuwa 2012-13, kaka biyar cur, wasa 50 kacal ya buga, abin da gola mai lafiya ke yi a kaka ɗaya. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Fabrairun 2011 a wasansu da Pittsburgh, saura 'yan daƙiƙu a tashi rigima ta ɓarke, golan ɗaya ɓangaren Brent Johnson ya taso tun daga ragarsa ya ratsa filin gaba ɗaya, naushi ɗaya ya yi masa da hagu DiPietro ya zube, ƙasusuwan fuska suka karye. Mutumin da ke fama ya dawo da ƙyar, wani sabon jinyar kuma.

A 2013 suka sallame shi. Saura shekara 8, miliyan 36, aka biya shi kashi biyu cikin uku wato miliyan 24 a rarrabe a shekara 16. Kenan dala miliyan 1.5 duk shekara har zuwa 2029, ga mutumin da rabonsa da raga a NHL tun 2013.

Yaya wannan sallamar take, ba ita ce mafita ba?

Mafita ce mai tsada. Ƙa'idar ita ce in ɗan wasa ya kai shekara 26 za ka biya shi kashi biyu cikin uku na albashin da ya rage, in bai kai ba kashi ɗaya cikin uku, a baje kuɗin a ninkin shekarun da suka rage. Kuma kuɗin na ci gaba da cin wuri a iyakar albashinka. Edmonton ta ba Jack Campbell shekara 5 a kan miliyan 25 a 2022, a Nuwambar 2023 ta tura shi ƙaramar gasa, a Yunin 2024 ta sallame shi, saura shekara 3, don haka sunansa zai ci gaba da fitowa a lissafinsu shekara 6.

Islanders sa'a suka ci, don bayan rikicin 2012-13 an ba kowane kulob damar sallamar mutum biyu ba tare da kuɗin ya shiga lissafin iyaka ba, rangwame ne na lokaci ɗaya. Da shi Philadelphia ma ta rabu da Ilya Bryzgalov.

Wakilan 'yan wasa kuma sun gano dabara, sai su sa a zuba mafi yawan kuɗin a matsayin garaɓasar sa hannu, ita kuwa ba a rage ta in an yi sallama, dole a biya ta cif. Kwantiragi irin wannan ko ka sallami mutum ba abin da ka rage.

Shi Bryzgalov ɗin me ya faru da shi?

Wannan shi ne misalin da nake so mutane su riƙe, don ya nuna asarar ba ta tsaya a kuɗin golan ba. Philadelphia ta daɗe tana kuka da rashin tsayayyen gola, a Yunin 2011 ta ce ta gaji, ta ba ɗan Rasha Bryzgalov shekara 9 a kan miliyan 51. A ranar ta yi musayar kyaftin ɗinta Mike Richards da Jeff Carter zuwa wasu kulob. Shekara ɗaya bayan nan su biyun suka ɗaga Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, tare a Los Angeles. Bai tsaya nan ba, akwai wani matashin gola a bencinsu wanda ba shi da wuri tunda an riga an zuba kuɗi a kan wani, sai suka tura shi Columbus a 2012, sunansa Sergei Bobrovsky, a 2013 ya ci Vezina, kyautar golan da ya fi kowa a gasar, ya sake ci a 2017.

Bryzgalov kuwa kaka biyu ya yi aka sallame shi, dala miliyan 23 a shekara 14. Abin da suka fita nema da miliyan 51 yana zaune a bencinsu tun farko.

Ba za a iya sayar da shi wa wani kulob ba kawai, kamar a ƙwallon ƙafa?

A NHL ba a sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi, musaya ake yi, kuma kwantiragin na bin sa duk inda ya je yadda yake. To wa zai karɓi gola ɗan shekara 33 da saura shekara 5 a kan miliyan 9? Sai dai ka riƙe wani kaso na albashin, doka ta yarda har rabi, ko ka haɗa wa mai karɓa da tukuici kamar damar zaɓen matashi. Ga kuma sharaɗin da manyan gololi ke sawa cewa ba a kai su ko'ina sai da yardarsu.

Masu bin ƙwallon Ingila za su ɗan gane abin in suka tuna Kepa, da Chelsea ta ba shekara 7 a 2018 ya koma benci bayan kaka biyu. Amma can ko ba komai akwai aro, an ba da shi aro Real Madrid, kuma ba irin wannan iyakar mai tsauri. A NHL babu wannan ƙofar.

Roberto Luongo ne ya fi ba ni tausayi a nan, don shi ba lalacewa ya yi ba. Vancouver ta ba shi shekara 12 a kan miliyan 64 a 2009, ya kai su fainal a 2011 suka sha kashi a hannun Boston a wasa na 7, na ƙarshe mai raba gardama, sai matashi Cory Schneider ya taso ya karɓe ragar. Kulob na so ya tafi, shi ma yana so ya tafi, aka rasa mai ɗauka saboda tsawon takardar. Ranar rufe kasuwar musaya a Afrilun 2013 ya tsaya gaban 'yan jarida fuska ba walwala, ya ce kwantiraginsa ne matsalar, da zai iya da ya yaga shi a take. Mutum ne fa yake maganar takardar da ta ba shi miliyan 64. Ƙarshe Schneider ɗin aka tura New Jersey, Luongo ya zauna, sai a Maris 2014 aka kai shi Florida. Cikin ƙasa da shekara ɗaya Vancouver ta rasa su duka biyun.

Me ya sa tun farko aka yi shekara 12, wa zai kama raga har shekara 43?

Ba wanda ya yi tsammanin zai kai, wayo ne aka yi wa doka. Abin da ke shiga lissafin iyaka shi ne matsakaicin albashi, jimilla a raba da shekaru. Sai a zuba kuɗi mai yawa a farko, na Luongo miliyan 10 a shekarar farko, a jera shekarun ƙarshe a kan miliyan 1, matsakaici ya sauko zuwa miliyan 5.33, da niyyar in ya tsufa ya yi ritaya kowa ya huta. NHL ta ga abin ya yi yawa, a 2010 ta soke na Ilya Kovalchuk mai shekara 17, a yarjejeniyar 2013 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa kuma ta kawo hukunci a kan irin waɗannan, cewa in ɗan wasan ya yi ritaya kafin lokaci kulob zai amayar da rangwamen da ya ci. Luongo ya aje a 2019, Vancouver ta ɗauki tarar kusan dala miliyan 3 duk shekara har shekara 3, shekara biyar bayan ya bar garin.

Tun 2013 ɗin an taƙaita, shekara 8 in ɗanka ne kake sabuntawa, 7 in daga waje ya zo. Sabuwar yarjejeniyar da ke farawa 2026 ta ƙara ragewa zuwa 7 da 6.

To Carey Price fa? Ai shi gwani ne na gaske.

Shi ya sa labarinsa ya fi tsoratar da ni. Ba kuskuren ido ba ne, a 2015 ya haɗa Vezina da Hart, kyautar ɗan wasan da ya fi kowa a gasar baki ɗaya, abin da gola ba kasafai ke samu ba. A Yulin 2017 Montreal ta ba shi shekara 8 a kan miliyan 84, miliyan 10.5 a shekara, ya fara aiki a 2018 yana da shekara 31, kimanin kashi 13 cikin ɗari na iyakar albashin lokacin a kan mutum ɗaya. Ni kaina da ni ne manaja ban san yadda zan kalli mutanen Montreal in ce na bar shi ya tafi ba.

Kuma ya biya su wani abu, a 2021 shi ya ɗauki kulob ɗin a kafaɗa har fainal, Tampa Bay ta doke su. Bayan nan aka yi masa tiyatar gwiwa, kakar da ta biyo wasa 5 ya buga, shi ke nan, bai sake ba. Rabin kwantiragin a jerin masu dogon jinya ya ƙare. A bazarar 2021 ɗin ma, da sabon kulob Seattle ke zaɓar 'yan wasa daga sauran, an bar Price a fili za su iya ɗaukarsa ba tare da sun ba da komai ba, golan da ya fito daga fainal makonni biyu da suka wuce, suka duba shekarunsa da gwiwar da takardar suka wuce.

Ai kun ce akwai jerin masu dogon jinya, ba ya share kuɗin?

Bai share ba. Yana ba kulob damar ya haura iyaka da kwatankwacin albashin majinyacin don ya nemo madadi, amma yana ɗaure hannu wajen tara rarar da ake amfani da ita a tsakiyar kaka, kuma kuɗin dai ana biya, ko kulob ko inshora. Shi ya sa za ka ga ana tura takardar wanda ba zai sake wasa ba zuwa kulob mai sarari a lissafi, kamar yadda aka kai ta Price San Jose a Satumbar 2025.

Duk misalan faɗuwa kuke kawowa, babu wanda ya ci riba?

Akwai, kuma rashin adalci ne in ɓoye. Jonathan Quick ya karɓi shekara 10 a kan miliyan 58 bayan kofin 2012, ya ƙara wa Los Angeles wani a 2014. Andrei Vasilevskiy ya sa hannu a kan shekara 8 miliyan 76 a 2019, Tampa ta ci kofi 2020 da 2021, shi ne ma gwarzon wasannin neman kofi na 2021. Amma ku lura da shekarunsu, Quick 26, Vasilevskiy 25, shekarun ƙarfinsu aka saya.

Wanda ya rikita lissafin kowa shi ne Bobrovsky. Florida ta ba shi shekara 7 a kan miliyan 70 a 2019 yana da shekara 30, kakar farko kashi 90 cif ya tare, aka yi ta kiran kwantiragin ƙarfen ƙafa, ni ma ina cikin masu faɗa. Har a farkon wasannin neman kofi na 2023 a benci ya fara, Alex Lyon ne a raga. Sai ya dawo ya kai su fainal a shekarar, 2024 suka ci kofi, 2025 suka sake, duka a kan Edmonton. Yau ba ɗan Florida da zai ce a dawo masa da kuɗinsa. Amma kada a manta sun yi shekara kusan huɗu suna ɗauke da nauyin nan, kuma sun iya jurewa ne don sun ƙware wajen tsinto 'yan wasa masu araha su cike gurabe. Ba kowane kulob ke da wannan ba, kuma ba kowane manaja ake bari ya kai shekara ta biyar a kujera ba.

In haka ne me zai hana a yi ta amfani da gololi masu araha?

Wasu sun yi sun dace. Chicago ta ci kofin 2010 da Antti Niemi alhali Cristobal Huet mai fiye da miliyan 5 yana benci, da Niemi ya nemi ƙari ma suka bar shi ya tafi. St. Louis ta ci na 2019 da Jordan Binnington wanda a ƙaramar gasa ya fara kakar. Colorado ta ci na 2022 da Darcy Kuemper ta sake shi a bazarar. Vegas a 2023 da Adin Hill, wanda suka samo daga San Jose da damar zaɓe ta zagaye na 4 kawai, kuma gololi biyar suka yi amfani da su a kakar.

Sai dai wannan hanyar ma gaba kura ce baya sayaki. Muna tuna waɗanda suka dace ne, ba ma lissafa kulob nawa suka tara gwanayen 'yan gaba suka ƙare a zagayen farko don raga na yoyo. Kulob 32 ne, gololin da za ka rantse da su duk shekara ba su kai 10 ba. Manajan da ke da ɗaya daga cikinsu, wakilin golan ya san ba shi da wani, in ya ce shekara 5 wakili zai ce akwai mai ba mu 7, kuma da gaske akwai. Ga shi manaja na tunanin aikinsa ne na bana da baɗi, shekara ta 7 da ta 8 ƙila wani ne zai gaje su. Wannan a ganina shi ne asalin dalilin da ya sa ba a daina ba duk da an ga DiPietro da Bryzgalov da Price da ido.

Shi golan akwai abin da yake asara, tunda kuɗinsa na shiga?

Kuɗin kam hakkinsa ne, kuma ban taɓa ganin laifin wanda ya karɓa ba, sana'a ce da bugu ɗaya ko murɗewa ɗaya ke iya rufe ta, dole ya nema wa iyalinsa tabbas. Amma yana biya ta wata hanyar. Daga ranar da ya sa hannu an daina kallonsa a matsayin gola an koma kallon lamba, duk cin da aka yi masa sai an ambaci miliyoyin. DiPietro da ya dace a tuna shi a matsayin hazikin da ciwo ya cinye, sunansa ya koma abin tsokana. Henrik Lundqvist ya yi wa New York Rangers kaka 15, ya sa hannu a kan shekara 7 miliyan 59.5 a 2013 yana da shekara 31, a Satumbar 2020 suka sallame shi saura shekara ɗaya don matashin gola Igor Shesterkin ya taso. Ya koma Washington bai buga ko wasa ɗaya ba, ciwon zuciya ya kai shi ga tiyata, ya yi ritaya a 2021. Mutumin da garin ke kira sarki bai samu ya yi bankwana a cikin ragarsa ba.

Da ku ne manaja me za ku yi?

Zan yarda in biya da tsada a shekara, amma in yi ta faɗa a kan tsawo. Gara miliyan 11 sau 5 da miliyan 9 sau 8, don shekarun ƙarshen nan su ne dafin. Zan duba shekarar da takardar za ta ƙare kafin in duba komai, in ta wuce 35 sai na ga dalili mai ƙarfi. Ba zan yarda da sharaɗin hana musaya har ƙarshe ba. Sannan zan rage masa lodi, zamanin da Martin Brodeur ke buga wasa 78 cikin 82 ya wuce, a samo mataimaki na kirki a raba. Boston ta yi haka da Linus Ullmark da Jeremy Swayman a 2022-23 ta ci wasa 65, tarihi a gasar. Daga baya ta tura Ullmark Ottawa, ta ba Swayman shekara 8 miliyan 66 a Oktoban 2024, kakar farko shi kaɗai ya faɗo ƙasa da kashi 90 kulob ɗin bai kai wasannin neman kofi ba. Yaro ne har yanzu, akwai lokaci, ina masa fatan alheri.

Waɗanne kwantiragi ne ya kamata a sa wa ido nan gaba?

Biyu. Connor Hellebuyck na Winnipeg, shekara 7 miliyan 59.5 da ya sa wa hannu a Oktoban 2023 yana da shekara 30, zuwa 2025 kulob ne ya ci riba don ya ɗauki Vezina a 2024 da 2025 ya haɗa da Hart a 2025, duk da a zagayen farko da St. Louis a shekarar sau uku ana cire shi a tsakiyar wasa. Sai Shesterkin, shekara 8 miliyan 92 a Disambar 2024, miliyan 11.5 a shekara, mafi tsada da aka taɓa ba gola a lokacin. Abin da ke taimakon Rangers shi ne iyakar albashi na hawa da sauri, an sanar da miliyan 104 a 2026-27 da 113.5 a 2027-28, kenan kasonsa zai sauko daga kashi 12 zuwa wajen 10 cikin ɗari. Irin lissafin da Islanders suka yi kenan a 2006, kuma ta fuskar kuɗi sun yi daidai, iyakar ta hau kamar yadda suka zata, kwatangwalo da gwiwa ne ba su bi lissafin ba. Takardar Shesterkin za ta ƙare a 2033, lokacin yana da shekara 37.